Dutsen Uluru: Yadda Gwamnati da 'Yan Asalin Ƙasa Ke Riƙon Wurin Tarihi Tare a Ostireliya

A tsakiyar ƙasar Ostireliya, cikin hamada mai jar ƙasa, akwai wani dutse guda da ya tashi daga shimfiɗaɗɗen fili har ya kai tsayin mita 348, wanda duk mai son zagaya gindinsa da ƙafa sai ya yi tafiyar kilomita tara da ɗoriya. Masu wurin suna kiransa Uluru. Shekaru da dama akwai wani allo kafe a gindinsa, daidai inda hanyar hawa ta soma, ɗauke da roƙon da masu dutsen suke yi wa baƙi cewa kada su hau, domin dokarsu ta gado ta hana, kuma domin suna jin nauyin ran duk wanda ya faɗo a ƙasarsu. Ɗan sama kaɗan da allon kuwa, a jikin dutsen, ga sarƙar ƙarfe da aka ɗaura a kan turaku tun 1964 domin masu hawa su riƙa kamawa. Abin da ke ɗaure kai shi ne, mutanen da suka rubuta wannan roƙo su ne ke riƙe da takardar mallakar dutsen tun 1985, su ne kuma ke da rinjaye a hukumar da ke gudanar da wurin, amma sai da suka yi shekara 34 suna roƙo kafin su iya hanawa. Wanda ya gane dalilin wannan jinkiri ya gane yawancin abin da ke ƙunshe cikin batun riƙon wuraren tarihi tsakanin gwamnati da 'yan asalin ƙasa.

Sunan waɗannan mutane Anangu, kuma manyan harsunansu biyu ne, Pitjantjatjara da Yankunytjatjara. Binciken masu haƙo kayan tarihi ya nuna cewa ɗan Adam ya zauna a wannan yanki aƙalla shekara 30,000. Duk rayuwarsu ta rataya ne a kan abin da suke kira Tjukurpa, kalmar da ba ta da takwara guda a Hausa, domin ta haɗa labarin mafarin abubuwa, da doka, da ladubban zama da mutane, da sanin inda ruwa yake a lokacin fari, da halin kowace dabba da kowane tsiro. A wurinsu kowane tsagi da kogo da tabo a jikin dutsen shaida ce ta abin da kakannin farko suka aikata. A gefen kudu, kusa da tafkin Mutitjulu, suna nuna alamun faɗan da aka yi tsakanin mesa mai suna Kuniya da maciji mai dafi mai suna Liru. Hanyar da masu yawon buɗe ido suka mayar ta hawa kuwa, ita ce wadda suka ce mazajen Mala, wasu daga cikin kakannin farko, sun bi lokacin da suka hau domin buɗe bikinsu, shi ya sa ba kowa ke taka ta ba ko a cikin Anangu. Ba lallai ne mutum ya yi imani da abin da suka yi imani da shi ba kafin ya gane cewa abin tarihin da ake magana a kai yana cikin ƙirazan mutane ne masu rai, kuma idan aka raba dutsen da su, zai zama kamar littafin da aka bar wa wanda bai iya karatu ba. Ilimin kuma a rarrabe yake: akwai na maza da mata ba sa ji, akwai na mata da maza ba sa kusanta, akwai wanda sai mutum ya manyanta a ba shi, akwai kuma wanda na wani dangi ne kaɗai. Saboda haka babu wani mutum ɗaya, komai shekarunsa, da zai iya yin magana da yawun dutsen gaba ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tuntuɓar masu wuri ba aikin zama ɗaya ba ne.

Bature na farko da ya iso gindin dutsen shi ne William Gosse a 1873, kuma ya raɗa masa suna Ayers Rock domin girmama Henry Ayers, babban sakataren mulkin Kudancin Ostireliya na lokacin. Dokar Turawan Ingila ta ɗauki nahiyar a matsayin ƙasar da ba ta da mai ita, ƙa'idar da babbar kotun ƙasar ba ta rushe ba sai a shari'ar Mabo ta 1992. A 1920 aka keɓe yankin a matsayin matsugunin 'yan asali, amma keɓewar ba ta hana zubar da jini ba. A 1934 wani ɗan sanda mai suna Bill McKinnon ya harbe wani Ba'anange mai suna Yokununna a cikin wani kogo na dutsen, abin da ya sa wasu dangi suka ƙaurace wa wurin shekaru masu yawa, kuma ba a dawo da ƙoƙon kan mamacin daga birnin Adelaide aka binne shi a ƙasarsa ba sai a 2022. Da hanyar mota ta iso, baƙi suka fara yawa, sai a 1958 aka yanke Uluru da tsaunukan Kata Tjuta daga matsugunin aka mayar da su gandun shaƙatawa, aka gina masaukai a gindin dutsen, aka kuma riƙa nuna wa masu wurin cewa ba a son ganinsu kusa da baƙi.

Ƙofa ta fara buɗewa da dokar haƙƙin ƙasa ta 'yan asalin Yankin Arewa, wato yankin mulkin da dutsen yake cikinsa, ta 1976, wadda ta ba su damar neman a mayar musu da filayen gwamnati da ba a riga an ba wa kowa ba. Anangu sun shigar da nasu neman, amma a 1979 aka ce dutsen ba ya cikin abin da za a iya nema, tunda an riga an ayyana shi gandun tarayya a 1977. Suka ci gaba da matsa lamba ta hannun majalisunsu na ƙasa har Firaminista Bob Hawke ya sanar a 1983 cewa za a gyara doka a mayar musu. Gwamnatin Yankin Arewa ta yi adawa mai zafi. Ranar 26 ga Oktoba, 1985, Gwamna Janar Ninian Stephen ya miƙa musu takardar mallaka a gindin dutsen, ana cikin bikin kuma wani ƙaramin jirgi ya ratsa sama yana jan ƙyalle mai cewa dutsen na dukan 'yan Ostireliya ne. A wannan zama dai, kafin taro ya watse, Anangu suka sa hannu a wata takarda ta biyu wadda ta ba da gandun haya ga gwamnatin tarayya na shekara 99, wato har zuwa 2084, domin da wannan sharaɗi aka yarda a mayar musu.

Akwai masu cewa an ba su da dama ne aka karɓe da hagu, kuma maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Sai dai a ganina ta rage wa abin daraja fiye da kima, domin tun daga wannan rana matsayin kowa ya sauya: gwamnati ta koma 'yar haya, kuma ɗan haya yana da sharuɗɗan da aka rubuta masa. Yarjejeniyar ta wajabta biyan kuɗin haya, da kare wurare masu tsarki, da horar da Anangu da ɗaukarsu aiki, da kafa hukumar gudanarwa wadda su ne za su fi yawa a cikinta. Hukumar ta fara zama a 1986 ƙarƙashin shugabancin Yami Lester, mutumin da ya makance yana yaro bayan gwajin makaman nukiliya da Ingila ta yi a hamadar Kudancin Ostireliya a 1953. A tsarin da ake bi, kujeru goma sha biyu ne, takwas na Anangu, maza huɗu mata huɗu, kuma shugaba daga cikinsu yake fitowa. Raba kujerun daidai tsakanin maza da mata ya samo asali ne daga yadda ilimin kansa yake a rabe, domin idan maganar wurin mata ta taso, namiji ba shi da bakin magana. Hukumar ce ke tsara kundin da ke fayyace yadda za a gudanar da gandun, amma kundin sai ya bi ta hannun minista da majalisar tarayya, aikin yau da kullum da kasafin kuɗi kuma suna hannun daraktan gandayen daji na tarayya. Ya kamata a riƙe wannan rabo da kyau, domin a nan ne amsar tambayarmu ta farko take.

Inda haɗin gwiwar ya fi nuna amfaninsa a zahiri shi ne batun wuta. Mai karatu da ya saba jin ana gargaɗi a kan ƙona daji zai yi mamakin jin cewa a wannan hamada rashin ƙunar ne ya jawo bala'i. Ciyawar da ta fi yawa a yankin mai tsini ce mai ƙaro a jikinta, wadda idan ta tsufa ta bushe take cin wuta kamar an zuba mata kananzir. Tun kaka da kakanni Anangu kan sa wuta gutsi-gutsi a lokacin sanyi, sa'ad da iska ba ta da ƙarfi kuma raɓar dare kan kashe wutar da kanta, ta yadda idan aka dubi ƙasar za a gan ta faci-faci, nan sabuwar ƙuna, can tsiron bara, gaba kuma tsohuwar ciyawa inda ƙananan dabbobi ke fakewa. Duk wutar da tsawa ta tayar da bazara, tana isa facin da aka riga aka ƙone sai ta rasa abin ci ta mutu. Da aka kori masu wannan aiki, ciyawa ta taru ta haɗe, sai gobarar 1976 ta cinye kusan kashi uku cikin huɗu na gandun. Bayan haka ne ma'aikata suka koma ga dattawan da aka yi watsi da su, kuma a yau tsofaffi ne ke faɗin inda za a ƙone da lokacin da za a ƙone, ma'aikata su kawo motoci da hotunan tauraron ɗan Adam da ke nuna shekarun kowane faci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan sai da rufin ya faɗo aka tambaye shi.

Ba kowace matsala ce ilimin gado ke da maganinta ba, kuma su kansu Anangu ba su taɓa cewa haka ba. Akwai wata baƙuwar ciyawa 'yar uwar ƙarangiya, wadda asalinta daga Afirka da Asiya ne, da aka shuka a tsakiyar Ostireliya domin kiwo da danne ƙura, yanzu ta mamaye gindin dutsen tana shaƙe tsirran asali, wutarta kuma ta fi ta ciyawar gida zafi har tana kashe bishiyoyi, ga shi tana sake tohowa kafin kowa. Wannan sai da tuge da hannu da feshin magani. Akwai raƙuman da aka kawo a ƙarni na 19 domin sufuri, waɗanda suka bazu a daji suna ɓata ramukan ruwan da Anangu ke yashewa. Akwai kuma kyanwowin da suka koma na daji da yanyawa irin ta Turai, waɗanda suka taimaka wajen ƙarar da mala, wata 'yar ƙaramar dabba dangin kangaru da ba ta fi zomo girma sosai ba. Da aka tambayi dattawa wace dabba za a fara dawo da ita, mala na cikin waɗanda suka sa a gaba saboda matsayinta a Tjukurpa, kuma a 2005 aka sake ta a cikin wani shinge mai faɗin hekta 170. Masanin dabbobi yana ganin an ceto wani jinsi, tsohuwar Ba'anangiya kuwa tana ganin jikokinta za su ga da idonsu dabbar da take rera musu waƙarta, kuma duka biyun gaskiya ne a shinge ɗaya.

Abin da ya fi wuya ga ma'aikacin adana kayan tarihi da aka horar a jami'a shi ne yarda cewa akwai ilimin da adana shi yana nufin ɓoye shi. An koya masa ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta, ya baje wa jama'a. A farkon zamanin yawon buɗe ido ma, masu yi wa baƙi jagora sukan watsa ruwa a kan zanen da ke cikin kogunan domin launinsa ya fito a hoto, abin da ya wanke wani ɓangare nasa har abada. A yau an gina dandamalin da baƙo zai tsaya ya kalli zanen ba tare da ya taɓa ko ya tayar da ƙura ba, an kuma kafa alamu a wasu sassan gindin dutsen da ke roƙon kada a ɗauki hoto, domin siffar dutsen a wurin ita kanta rubutu ce da ba a so ta faɗa idon wanda bai cancanta ba, musamman matasan Anangu da za su iya cin karo da hoton a intanet. Masu ɗaukar hoto domin kasuwanci sai da izini. A cibiyar al'adu da aka buɗe a 1995, wadda aka zana gininta da siffar macizan nan biyu, akan rufe hoton wanda ya rasu, kuma ba a ambaton sunansa na wani lokaci, sai a ce Kunmanara a madadinsa. Baƙo zai iya jin an tauye masa wani abu, amma wannan hanin ma wani ɓangare ne na al'adar da ya zo gani.

Wannan fahimta ta sauya har yadda duniya ke lissafin wurin. A 1987 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin jerin wuraren tarihi na duniya, amma saboda siffar duwatsunsa da halittunsa kawai, kamar babu mutane a cikin labarin. A 1992 aka ƙirƙiro sabon rukuni na wuraren da darajarsu ta fito daga cuɗanyar mutane da ƙasarsu, aka fara da Tongariro na Maori, 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, a 1993, sannan a 1994 aka sake rubuta Uluru da Kata Tjuta a ƙarƙashinsa. Ta wannan ƙofa ce Sukur da ke tsaunukan Madagali a Jihar Adamawa ta shiga jerin a 1999, wuri na farko daga Najeriya, da fadar Hidi, wato sarkinta, da gonakinta masu hawa-hawa da hanyoyinta na dutse, wuri ne da shi ma mutanensa ke riƙe da shi da hannuwansu.

Mu koma kan sarƙa. Bayan mayar da dutsen an ci gaba da hawa, domin gwamnati da 'yan kasuwar yawon buɗe ido sun yi imani cewa hawan ne ke kawo baƙi. Anangu na kiran masu hawa minga, wato tururuwa, saboda yadda ake hango su daga nesa a jere a kan gadon dutsen. Aƙalla mutum 35 ne suka rasu a wannan hawa, yawancinsu saboda bugun zuciya, kuma kowace mutuwa takan jefa masu wurin cikin baƙin ciki irin na wanda baƙonsa ya mutu a gidansa. Babu makewayi a saman dutsen, don haka duk ƙazantar da aka bari ruwan sama kan wanko ta zuwa tafkunan da ke ƙasa. Duk da haka hanyar da Anangu suka zaɓa ita ce ta bayani da roƙo, wani ɓangare saboda ɗabi'arsu ta son mutum ya bar abu don ya gane, wani ɓangare kuma saboda sun san cewa rinjayen kujeru ba ya nufin minista zai sa hannu. An ga hakan a 2009, lokacin da daftarin sabon kundi ya kawo shawarar rufe hawan, Firaminista Kevin Rudd ya fito fili ya nuna rashin goyon bayansa. Kundin da aka amince da shi a 2010 sai ya gindaya sharuɗɗa, ciki har da cewa za a iya rufewa idan masu hawa suka gaza kashi 20 cikin ɗari na baƙi, ko kuma idan an samar da wasu abubuwan da za su maye gurbin hawan. Wato mai gida sai ya jira baƙinsa sun daina son abu kafin ya hana shi, kuma ban ga yadda za a kira wannan adalci ba.

Roƙon dai ya yi aiki. Daga kusan kashi 74 cikin ɗari a shekarun 1990, masu hawa suka ragu zuwa kusan kashi 16 a 2015. Ranar 1 ga Nuwamba, 2017, hukumar ta kaɗa ƙuri'a baki ɗaya ba mai ja, shugabanta na lokacin Sammy Wilson kuma ya bayyana cewa wurin mai matuƙar muhimmanci ne, ba filin wasa ba ne. Suka ba da wa'adin shekara biyu domin 'yan kasuwa su shirya, abin da ya sa dubban mutane suka yi tururuwa a watannin ƙarshe domin su hau kafin a rufe. An rufe ranar 26 ga Oktoba, 2019, shekara 34 cif da miƙa takarda, aka tuge turakun aka sauko da sarƙar, daga baya ma aka nemi Google ya cire hotunan saman dutsen da ke ba mutum damar hawa daga kwamfutarsa, kuma ya cire. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ya kamata a tuna cewa da yawa daga dattawan da suka karɓi takardar a 1985 ba su kai ranar shan romon ba. Farin layin da ƙafafun masu hawa suka goge a jikin jan dutsen yana nan, ana hango shi daga ƙasa.

Sai batun kuɗi da rayuwa, wanda masu yabon wannan tsari kan tsallake. Shekaru da dama masu wurin sun riƙa samun kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shiga gandun, da wani ƙayyadadden kuɗin haya a kowace shekara, kuma sun ware wani kaso domin ayyukan al'umma, ciki har da wurin ninƙaya da aka buɗe a ƙauyen Mutitjulu a 2013. Amma babban kuɗin da baƙi ke kashewa yana sauka ne a Yulara, garin otal-otal da aka gina a wajen iyakar gandun a farkon shekarun 1980. Mutitjulu, mai mutane kusan 300 a inuwar dutsen, ya daɗe yana fama da cunkoson gidaje da rashin aikin yi, manyan muƙaman gandun kuma akasari ba a hannun Anangu suke ba, duk da alkawarin horarwa da ke cikin yarjejeniyar. A 2007, lokacin da gwamnatin tarayya ta tura 'yan sanda da sojoji ƙauyukan 'yan asali na Yankin Arewa da sunan kare yara, har ta dakatar da aikin dokar hana wariyar launin fata domin ta yi hakan, Mutitjulu na cikin wuraren da aka fara shiga. Mutanen da aka amince su jagoranci wurin tarihi na duniya, ba a nemi shawararsu a kan ƙauyensu ba. Al'adar da ake son adanawa kuwa tana buƙatar yara masu lafiya da za su zauna gaban tsofaffi su koya, da motar da za ta kai su wuraren da ake koyarwar, kuma ba za a iya raba wannan da gyaran kogo ba.

Wasu wurare biyu a ƙasar sun nuna abin da ke faruwa idan ikon cewa a'a ya raunana. A gandun Kakadu da ke arewa, wanda shi ma riƙon haɗin gwiwa ake yi masa, hukumar gandayen daji ta gina hanyar ƙafa a 2019 kusa da wani wuri mai tsarki na maza a magangarar ruwa ta Gunlom, saɓanin abin da masu wurin suka amince da shi. Gwamnatin tarayya ta yi jayayya cewa dokar Yankin Arewa ba za ta iya hukunta ta ba, sai da aka je babbar kotu, wadda ta yanke a 2024 cewa za a iya, sannan aka amsa laifi aka biya tarar dalar Ostireliya 200,000. Na biyun ya fi muni. Ranar 24 ga Mayu, 2020, kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya tarwatsa koguna biyu a kwazazzabon Juukan da ke yankin Pilbara domin faɗaɗa haƙar tama, koguna masu shaidar zaman mutane na shekara 46,000. Kamfanin bai karya doka ba, kuma wannan ne abin tsoro a cikin lamarin. Ya sami izini a 2013 ƙarƙashin dokar 1972 ta Jihar Yammacin Ostireliya, inda Pilbara take, a 2014 kuma masu haƙo kayan tarihi suka tono abubuwa dubbai a wurin, har da wani ɗamarar gashin mutum da aka kitsa shekara kusan 4,000 da suka wuce, wanda gwaji ya danganta shi da masu wurin, wato mutanen Puutu Kunti Kurrama da Pinikura na yau. Dokar ba ta tanadi sake duba izini idan sabon bayani ya fito ba, ta kuma ba kamfani damar ɗaukaka ƙara amma ba ta ba masu wurin ba. Shugaban kamfanin da wasu manya biyu sun sauka daga muƙamansu, majalisa ta yi bincike, an nemi gafara, amma duk ihu ne bayan hari. Sabuwar dokar da jihar ta kawo domin gyara ta fara aiki a Yulin 2023, cikin 'yan makonni gwamnati ta janye ta saboda ƙorafin manoma da masu filaye. An tuntuɓi mutanen Juukan, an zauna da su, an rubuta yarjejeniya da su, abin da ba su da shi kawai shi ne cikakkiyar takardar mallaka irin ta Anangu da kujerar da za su hana.

A Uluru suna da duka biyun, kuma bayan rufe hawan sun nuna cewa sun daina jiran shekaru kafin su yi amfani da su. A farkon Agustan 2020, ana tsakiyar annobar korona, wani jirgi ya sauka a Yulara daga Brisbane, garin da aka ayyana cikin wuraren da cutar ke yaɗuwa. Mutanen Mutitjulu, waɗanda suka san cewa tsofaffinsu masu ciwon suga da na ƙoda ba za su jure cutar ba, kuma kowane tsoho ɗaya yana ɗauke da waƙoƙi da sunayen wurare da babu su a wata takarda, suka fito da motocinsu suka tare ƙofar shiga gandun. Hukumar gandayen daji ta rufe wurin bisa buƙatarsu, kuma ba a sake buɗe shi ba sai bayan 'yan kwanaki, da aka cimma matsaya da su a kan jiragen da ke tasowa daga garuruwan da cutar ta yi ƙamari.